Ƙararrawar cocin ƙauyukan Ingila: ibada ce ko wasan gado?

Nas Bakatsiniya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Aiki ya kai ni wani ƙauye a gabashin Ingila, kuma gidan da nake haya yana jingine da wani tsohon coci na dutse mai hasumiya. Da na ɗauka ranar Lahadi kaɗai ake kaɗa ƙararrawa, ashe ba haka ba ne. Duk Talata da daddare sai sun yi wajen awa ɗaya da rabi. Asabar ɗin nan kuwa tun hantsi suka fara har azahar ba su numfasa ba, ni kuma na kwana ina aikin dare. Abin da ya fi ɗaure min kai, ba wata waƙa suke fitarwa ba. Sauti ne ke gangarowa daga siriri zuwa mai kauri, can sai ya cakuɗe. Wai me suke yi ne? Kuma in na kai ƙara ƙaramar hukuma za a saurare ni?

Ɗan Jos: Anti, ki dai sayi audugar toshe kunne. Baƙo ba ya zuwa gari ya ce a rage wa zakara cara.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Wannan tambayar tawa ce, don ni ma ina jan igiyar, tun ina ɗalibi na koya. Na Talata gwaji ne, kusan kowace hasumiya tana da darenta a mako. Na Asabar kuwa shi ne cikakken kaɗi, kuma awa uku yake ci, ba kuskure suka yi ba.

Dalilin rashin waƙa yana cikin yadda aka rataye ƙararrawar. Kowace ɗaya an ɗaure ta ne a jikin babban wili na katako, igiya ta zagaye wilin ta sauko ɗakin ƙasa inda mutum yake tsaye. Kafin a fara, ana lilo da ita har bakinta ya kalli sama. In ka ja igiya, sai ta juyo ta yi cikakken zagaye ta sake tsayawa baki sama, harshenta ya doke ta sau ɗaya. Ja na gaba ta koma ta inda ta fito. Zagaye ɗaya yana cin kamar daƙiƙa biyu, kuma ƙarfe ne mai nauyin rabin tan, wani tan ɗaya ko fiye. Ba yadda za ka yi ka buga sauti ɗaya sau biyu a jere da sauri kamar yadda waƙa take so. Iyakar ikonka shi ne ka ɗan riƙe ta a sama ta makara kaɗan, ko ka tare ta ta yi sauri kaɗan. A kan wannan ɗan ikon aka gina komai.

Sai aka ba kowace lamba, 1 ita ce autar mai siririn sauti, ta ƙarshe ita ce uwar. Gangarowar da kika ji ita ce 123456. Daga nan sai a fara musanya: 214365, sai 241635, sai 426153, haka dai. Doka biyu ce: ƙararrawa ba ta tsallake fiye da gurbi ɗaya a lokaci guda, kuma jerin da aka buga ba a sake shi har a dawo gida.

Maman Biyu: To ai lugude ke nan. Mata shida a turmi ɗaya, kowa ta san lokacin da taɓaryarta za ta sauka, in ɗaya ta yi sauri a yi karo.

Injiniya: Hajiya kin gama magana. Ki ƙara da cewa a kowane zagaye sai matan sun sake layi, kuma ba wadda aka yarda ta riƙe takarda. Da ka ake yi, ido na kan igiyoyin sauran.

Mai Lissafi: Bari in sa baki, nan fagena ne. Ƙararrawa 5 tana ba da jeri 120. Shida 720. Bakwai 5,040, kuma daga nan ne aka samo ma'aunin cikakken kaɗi, wato jeri 5,000 zuwa sama ba tsayawa, ba maimaici, ba canjin hannu. Takwas 40,320, kuma an taɓa buga shi duka a hasumiyar masana'antar zubin ƙararrawa ta Loughborough a 1963, mutum takwas suka tsaya awa 17 da minti 58. Goma sha biyu kuwa 479,001,600, wanda zai ci sama da shekara 30 dare da rana. Abin da ke burge ni, talakawan ƙarni na 17 suna warware irin wannan lissafin da igiya tun kafin malaman jami'a su tsara masa babi.

Ɗan Jos: Awa 17 ba fitsari? Ni na sallama.

Ɗan Wusasa: Duk na ji lissafinku, amma kada a mai da abin tamkar wasan dara. Ƙararrawar coci kira ce zuwa sujada. Keɓe ta ake yi da addu'a, har suna ake sa mata, galibi kuma za ka ga an zuba mata rubutun yabon Ubangiji a jiki. Ko a ƙauyukanmu na gida inda ba kuɗin ƙararrawa, tsohon wilin mota ake ratayewa a bishiya a buga da ƙarfe, kuma kowa ya san me ake nufi. Injiniya, kai ɗan coci ne, bai kamata ka bar wannan a baya ba.

Injiniya: Yaya, ban musa ba, ranar Lahadi don sujada muke yi. Amma in faɗa maka gaskiya, a cikin waɗanda muke ja tare akwai masu saukowa daga hasumiya su fice ta ƙofar gefe daidai lokacin da ake fara waƙar farko. Ba su ɓoye ba, fasto ma ya sani.

Ɗan Wusasa: Wannan lalacewar zamani ce, ba asali ba.

Baba Tsohon Malami: Ɗana na Wusasa, a nan kam tarihi bai goyi bayanka ba, ka yi haƙuri. Ƙararrawa a coci tsohuwa ce ƙwarai, kuma asalinta ibada ne, wannan haka yake. Amma wannan salon na musanya jeri da ake magana a kai, ba limamai suka haife shi ba. Ya taso ne a farkon ƙarni na 17, bayan sauyin addinin da ya raba cocin Ingila da Roma, lokacin da aka soke yawancin kaɗe-kaɗen da suka shafi ibadar Katolika. Hasumiyoyi na nan, ƙararrawa na nan, aikinsu ya ragu. A daidai lokacin kuma kafintoci suka inganta wilin, daga rabi zuwa cikakke. Sai samari suka mai da abin motsa jiki da gasa. 'Ya'yan masu kuɗi na Landan suka kafa ƙungiya a 1637, College Youths, har yau tana nan. A 1668 aka buga littafi na farko a kan fannin, Fabian Stedman na cikin waɗanda suka fito da shi, ya kuma rubuta nasa a 1677, kuma har gobe ana kaɗa salon da ke ɗauke da sunansa. Cikakken kaɗi na farko da aka tabbatar a rubuce an yi shi a cocin St Peter Mancroft da ke Norwich a watan Mayun 1715.

Ka duba littattafan kuɗin cocin ƙauyuka na wancan zamani, abin da za ka yi ta gani shi ne kuɗin giyar makaɗa. An biya su don ranar hawan sarauniya Elizabeth ta ɗaya, 17 ga Nuwamba, an biya su don 5 ga Nuwamba, ranar tunawa da makircin tarwatsa majalisa na 1605. Daga baya har nasarar zaɓe da tseren doki ana yi wa kaɗi. Wasu hasumiyoyin har yau suna ajiye da tulun giyar makaɗa, mai cin galan da yawa, da allon dokoki a bango: wanda ya ja igiya da hula a kai ko da ƙaimi a ƙafa, ko ya kifar da ƙararrawa, zai biya tara, tarar kuma a tulun take ƙarewa.

Ɗan Wusasa: Baba, ranka ya daɗe, to limaman suna ina ake wannan?

Baba Tsohon Malami: Suna ƙasa suna cizon yatsa, makullin hasumiya na hannun makaɗa. Masu tsoron Allah na lokacin ma kallon shagala suke yi wa abin. John Bunyan, mashahurin mai wa'azin nan, ɗan ƙauyen Elstow ne kuma yana son jan igiya kamar me. Da ya tuba sai ya daina, amma ya kasa haƙura, yakan je ya tsaya yana kallo. Sai tsoro ya kama shi kada ƙararrawa ta faɗo masa, ya koma bakin ƙofa, nan ma ya ce to in hasumiyar ce ta rushe fa, ya gudu. Shi da kansa ya ba da labarin.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne limamin ƙauyen Bitton kusa da Bristol, Henry Ellacombe. Makaɗansa sun ishe shi, sai a 1821 ya sa aka haɗa masa wata na'ura ta guduma da igiyoyi a jikin allo, yadda mutum ɗaya zai buga dukkan ƙararrawar ba tare da an juya su ba. Wato ya nuna musu ko ba su za a yi. Har yau akwai irin allon a coci da yawa. Daga baya limaman zamanin sarauniya Victoria suka canja dabara, suka ga korar ba ta yi, sai suka hau hasumiyar da kansu suka koyi ja. Wasu suka fasa daɓen ɗakin makaɗa aka sauko da igiyoyi ƙasa inda jama'a za su gan su. Aka kafa ƙungiyoyin larduna, ta Devon a 1874, ta Oxford a 1881, sannan majalisar ƙoli ta makaɗa a 1891. Wannan ladabin da kake gani yau, na a ja don sujadar Lahadi, a nan aka dasa shi. Bai kai shekara ɗari biyu ba.

Ɗan Wusasa: Na karɓi tarihin, Baba. Amma ni a wurina hakan na nufin coci ta karɓo kayanta ne da aka ara ba da izini ba. Dokar cocin Ingila ma ta ce ba a kaɗa ƙararrawa in limami ya hana.

Injiniya: A takarda haka ne. Amma ran da aka ce gyaran katakon rataya zai ci dubban fam, ba 'yan coci kaɗai ke zuba kuɗi ba. Mai shagon giya, manomi, tsohuwar da rabonta da coci tun bikinta, duk suna bayarwa, don a ganinsu ƙararrawar garinsu ce.

Ustaz na Fagge: Ina bin ku a hankali. Abin da zan ƙara don 'yar'uwa mai tambaya: batun yadda za a kira mutane ibada mu ma an tattauna shi a Madina. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa sahabbai sun yi shawara, wasu suka ce a yi irin abin da Nasara ke bugawa, wasu suka ce ƙaho irin na Yahudu, har aka tsaya a kan muryar mutum, aka umarci Bilal, Allah ya ƙara masa yarda. Kuma abin da Nasaran yankin ke bugawa a lokacin galibi katako ne, ba ƙarfe ba. Kowa da alamarsa ke nan. Shawarata gare ki, kada ki fara da hukuma. Haƙƙin maƙwabtaka ya fi ƙarfin takardar ƙara, kuma ke kika tarar da su.

Nas Bakatsiniya: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma fa barci ba ya san tarihi. In na shiga aiki ido biyu ban runtsa ba, marar lafiya ne zai ji a jikinsa.

Maman Biyu: Gaskiyarki ƙanwata. Kowa na ta kawo shekaru, ba wanda ya amsa mata tambaya ta biyu.

Injiniya: To ga amsa. E, ƙaramar hukuma tana da ikon binciken ƙarar da ta zama cutarwa a ƙarƙashin dokar kare muhalli ta 1990, kuma ƙararrawar coci ba ta fi ƙarfin dokar ba. Sai dai kaɗin da aka saba yi a lokutan da aka sani, wuya ne su hana shi, kuma a ƙaramin ƙauye kafin la'asar kowa ya san wa ya kai ƙara. Abin da ke aiki shi ne ki je daren Talata ki nemi shugaban hasumiya, sunansa na manne a allon sanarwa na ƙofar coci. Cikakken kaɗi ba a yin sa kwatsam, makonni ake shirya shi, sai ki roƙa a riƙa sanar da ke, ko a mai da shi bayan la'asar. Hasumiyoyi da yawa suna da marufan katako a tagogi da ake rufewa lokacin gwaji. Wasu ma ɗaure harshen ƙararrawar suke yi, kwamfuta ta fitar da sautin a cikin ɗaki, waje shiru. Su ma ba sa son rigima da maƙwabta, don sun san ita ke rufe hasumiya.

Nas Bakatsiniya: Wannan ita ce maganar. Na gode, Yaya Injiniya.

Ɗan Jos: Ni kuma tawa tambayar, ranar da aka yi jana'izar sarauniya a 2022 na ji a talabijin sautin ya dushe kamar an rufe shi da bargo. Lalacewa ya yi?

Injiniya: Da gangan ne. Fata ake ɗaurawa a harshen. Ga mamaci na gari gefe ɗaya ake rufewa, sai ka ji jeri ɗaya da ƙarfi, na biyu can ƙasa-ƙasa kamar amsa kuwwa. Rufe gefe biyu kuwa na rasuwar mai sarauta ne, shi ya sa yawancinmu ba mu taɓa jin sa ba sai a shekarar.

Baba Tsohon Malami: Nan ne ma ƙauye ya fi birni al'ada. Kafin rediyo, ƙararrawa ce jaridar gari. In an yi rasuwa, a wurare da yawa uwar ƙararrawa ake bugawa sau tara in namiji ne, shida in mace, uku in yaro, sannan a bi da bugu ɗaya ɗaya adadin shekarunsa. Manomi yana gona zai tsaya ya ƙirga, a ƙauye mai mutum ɗari uku kafin a gama ya san wane ne. Akwai ta ƙarfe takwas na dare, ta rufe wuta, don gidajen katako da jinka ne, kuma garin Sandwich har yanzu suna buga ta. Akwai ta kala bayan girbi, wadda ke ba mata da yara izinin shiga gona tare, kada masu ƙarfi su riga tsofaffi. A Dewsbury kuma duk jajibirin Kirsimeti ana buga ɗaya sau adadin shekarun miladiyya, a gama daidai tsakar dare, wai sanarwar mutuwar Shaiɗan.

Shirunta ma labari ne. A Yunin 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnati ta hana kaɗawa gaba ɗaya, aka ce duk ran da aka ji ƙararrawa to Jamusawa sun sauka. An ɗage na rana ɗaya a Nuwamban 1942 don nasarar da suka samu a fagen daga na El Alamein a Masar, aka saki dokar a Istan 1943. A yaƙin duniya na farko kuwa makaɗa wajen 1,400 ne suka mutu, shi ya sa a 2018 aka yi gangamin samo sababbi 1,400 a madadinsu.

Maman Biyu: Baba duk maza nake ji a labarin nan. Mata fa?

Baba Tsohon Malami: Sun daɗe a waje, 'yata. Mace ta farko da ta yi cikakken kaɗi a hasumiya ita ce Alice White, a Basingstoke, 1896, tana da shekara 15. A 1912 mata zalla suka yi nasu. Ita kuwa tsohuwar ƙungiyar Landan ta 1637 sai 1998 ta buɗe musu ƙofa.

Injiniya: Yau kam ba don mata ba da hasumiyoyi da yawa sun rufe. Ba ƙarfi ake buƙata ba, saiti ne. Matsalar yanzu ita ce tsufa. Ingila na da hasumiya sama da 5,000 masu irin wannan rataya, amma akwai ƙauyukan da mutum shida ɗin nan su ne ke zagaya coci uku ko huɗu ranar Lahadi. Masana'antar Whitechapel ta Landan, wadda ta zuba Big Ben, babbar ƙararrawar agogon majalisa, ta rufe a 2017. Ta Taylor a Loughborough ce babbar da ta rage.

Nas Bakatsiniya: Tunda gabashin ƙasar nake, akwai wani wuri kusa da ya cancanci gani?

Injiniya: East Bergholt a Suffolk. An fara musu hasumiya a 1525 ba a gama ba, sai aka yi wa ƙararrawa biyar ɗin keji na katako a ƙasa cikin harabar coci a 1531, wai na wucin gadi. Har yau suna ciki. Ba igiya, ba wili, mutum ke tsayawa kusa da ita ya tura katakon da hannu. Kina tsaye a waje kina ganin yadda take juyawa, abin da a hasumiya ba kya gani.

Ɗan Jos: Da wane ƙarfe ake yin su ne ma?

Mai Lissafi: Jan ƙarfe kashi 77 cikin ɗari, kuza kashi 23, ko kusa da haka.

Ɗan Jos: Kuza! Ashe muna da hannun jari. Shekara nawa Turawa suna kwasar ta daga Filato suna barin mana ramuka. To tunda haka ne a kawo mana shida mu rataya a Jos. Akwai irinsa a Afirka kuwa?

Injiniya: Akwai a Afirka ta Kudu, kamar Cape Town da Durban da Grahamstown (wadda yanzu ake kira Makhanda), akwai a Harare, akwai guda shida a Kilifi ta bakin tekun Kenya. Amma kafin ka yi odar ƙararrawa ka fara neman magini. In tana juyawa, nauyin da take dannawa ƙasa yakan kai ninki huɗu na nauyinta, wanda take turawa gefe kuma kamar ninki biyu da rabi. Ka lissafa shida suna yi tare, kowace da nata lokacin. Shi ya sa ake rataye wasu su yi lilo gabas da yamma, wasu kudu da arewa, don su rage wa juna. Duk da haka tsofaffin hasumiyoyin dutse masu kaurin bango kana jin suna ɗan rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Bulon siminti inci tara ba zai kai Kirsimeti ba.

Ɗan Wusasa: To mu da ba mu da bangon dutse, shi ke nan an bar mu da wilin mota?

Injiniya: Akwai ƙananan na hannu, masu mariƙin fata. Mutum uku a zaune, kowa da biyu, su buga jeri 720 ɗin nan cif a cikin falo. Sai dai ka sani ya fi na hasumiya wahalar kai, don hanya biyu kake bi a lokaci ɗaya, dama da nata, hagu da nata.